Tabon da gashi ya bari a ƙwaƙwalwar Yayata

1/ Shekara 2 bayan an gama yi wa Yayata gashi saboda kansar ƙwaƙwalwa, hoton MRI ya nuna sabon tabo. Wallahi ranar ba a ɗora tukunya a gidanmu ba. Umma sai cewa take ciwon ya dawo.

2/ Likita ya ce mu dakata tukuna. Gashin kan raunata ƙananan jijiyoyin jini a inda ya bi, sai bayan watanni ko shekaru alamar ta fito. A hoto kamar ƙari sak, alhali ba kansa ba ce.

3/ Matsalar, hoto ɗaya ba lallai ya rarrabe ba. Aka ce a sake bayan wata 3. Jiran nan, hmm, ko barcin kirki ban yi ba.

4/ An sake, tabon bai ƙaru ba. Alhamdulillah. Hoto na gaba sai bayan wata 6.