Ko makewayi yana son kyau

Wata Asabar bayan la'asar ina zaune gindin dogon yaro ina gyaran kaye-kayen ƴan ajina, sai ga saƙo a WhatsApp daga wani tsohon ɗalibina. Na karantar da shi a ajin CM2 a ƙauyen da aka fara tura ni bayan na fito daga makarantar horon malamai. Yanzu yana Amurka, a jihar Karolina ta Arewa inda ƴan Nijar suke da yawa, yana aikin kafinta. Hoto biyu ya turo, da tambaya ɗaya a ƙasa: "Mushe, don Allah wanne ya fi kyau?" Na ɗauka kujeru ne. Sai da na buɗe hoton sosai na gane makewayi nake kallo.

Da na kira shi ya yi mini bayani. A can, idan manyan motocin nan masu ruwan ɗorawa da ke kai yara makaranta suka tsufa, gwanjonsu ake yi. Wasu mutane sukan saya, su cire kujerun, su sa gado da madafa da allon sola a sama, kar ta koma gida. Wani tsadar haya ce ta kore shi, wani kuma son yawo ne. Shagon da yaron nan yake aiki irin wannan gyara yake yi. Ya ce abin da ya fi ba su ciwon kai shi ne wurin kewayawa, don masai mai ruwa yana shan ruwa da yawa, kuma sai an ɗaura tanki a ƙarƙashin mota wanda dole a je wuri na musamman a zubar. Shi ya sa da yawansu suke zaɓen busasshen makewayi, wanda ake cewa yana mayar da ƙazanta taki.

Dabarar ba ta da wuya. Mazaunin yana da hanya biyu: fitsari ya bi gaba ya shiga gora mai cin kamar lita 8, wadda ake zubarwa bayan kwana ɗaya ko biyu, bayan gida kuma ya faɗa baya cikin akwati da aka zuba wa zaren ɓawon kwakwa ko dusar katako. Akwai hannu da ake juyawa don su cakuɗa, da ƴar fanka mai aiki da batir wadda take fitar da iska waje ta bututu. Mutum biyu sukan yi sati uku ko huɗu kafin su kwashe. Yawancin warin masai daga haɗuwar fitsari da bayan gida yake tasowa, in an raba su kuma aka bar iska tana busarwa, warin ya ragu ƙwarai. Namiji ma dole ya zauna. Abin da aka kwashe bai gama zama taki ba, sai an kai shi wani wuri ya ƙara daɗewa.

Hoto na farko na roba ne, ƙirar kamfani, kuɗinsa wajen dala 1000 ta Amurka, wato ya haura jika 500. Na biyu shi yaron ya ƙera da katako: akwati mai murfi, bokiti da gora a ɓoye ciki, an shafe shi yana sheƙi kamar ƙaramin benci. Matar da za ta zauna a motar ta ce na robar ya yi mata kama da kayan asibiti, ba ta son ganinsa kusa da gadonta.

Na yi dariya har da ƙyaƙyatawa. Na ce masa wannan ai ƙoshi ne, mu nan fiye da rabin jama'ar ƙasa daji suke zuwa, ku kuna can kuna zaɓen launin masai. Ya bari na gama, sannan ya ce: "Mushe, a cikin kar taki uku ne tsakanin gado da makewayi. In abin yana ba ta ƙyama za ta riƙa matsewa har sai sun tsaya gidan mai, ba za su yi wata uku ba su sayar da motar." Ya ɗan yi shiru, ya ƙara da cewa: "Kun tuna makewayin lakwal ɗinmu? Sabo fil aka gina shi, amma mu maza bayan gari muke zuwa, ƴan mata kuma gida."

Daren nan ban yi barci da wuri ba. Inda nake koyarwa yanzu muna da makewayi mai ɗaki huɗu, wani aikin taimako ya gina mana shekarun baya. Duk lokacin da aka zo da takardar ƙidaya aka tambaya ko lakwal tana da makewayi, da alfahari nake rubuta eh, guda huɗu. Biyu daga ciki mun sa musu kwaɗo, na malamai da baƙi ne, makullin yana rataye a ofis. Sauran biyun na yara sama da ɗari uku.

Kuma na daɗe ina fama da abu ɗaya: bayan hutun ƙarfe goma sai in ga benci ya yi giɓi a ɓangaren manyan ƴan mata. Wasu su dawo a makare, wasu sai washegari, wasu su ɓace kwana uku ko huɗu kowane wata. Na kira abin lalaci. Akwai wata yarinya, ita ce ta fi kowa lissafi a ajin, na sa ta durƙusa a gaban allo don ta dawo bayan an fara darasi. Na tambaye ta inda ta je, ta sunkuyar da kai ba ta ce komai ba, ni kuma na ɗauki shirun a matsayin raini.

Na kawo wa maiɗakina maganar. Ta dube ni ta ce: "Malam, ai kai kaɗai ne ba ka sani ba." Daga bakinta na ji cewa ɗiyata ta cikina, wadda take aji ɗaya ƙasa da nawa, ba ta shan ruwa da safe ranar makaranta, ko a watan Afrilu da zafi yake wuce 40, don kada fitsari ya kama ta. Kullum muna fita tare, ban taɓa lura ba.

Ranar Litinin da sassafe na shiga makewayin yaran, karo na farko cikin shekara huɗu. Ɗaya ba shi da ƙofa sam, ɗayan ƙofar tana reto da ƙusa ɗaya, ba sakata. Bakinsu duka yana kallon filin da maza suke ƙwallo. Bututun iska ya karye, ƙudaje sun yi baƙi a bakin rami, ƙasa jiƙe take, babu buta, babu inda za a rataya ko ɗankwali. Na tsuguna don in ga abin da yarinya take gani, sai na hangi ƙofar ajina ta kafar ƙyauren. Ban iya yin minti ɗaya ba na fito.

Na roƙi madam mai ajin CE2 ta tara manyan ƴan matan ba tare da namiji ba, ta yi musu tambayar da aka yi mini: wane irin makewayi ne zai yi muku kyau? Babu wadda ta nemi tayil ko famfo. Sun ce sakata daga ciki. Katanga a gaban ƙofa, don kada a ga mai shiga da mai fita. Ƙusa a bango ta rataya hijabi. Buta da sabulu. Bango mai haske don su ga inda suke takawa, saboda kunama. Da wurin da ba na maza ba.

Muka kai wa COGES da ƙungiyar iyaye mata. An yi karo-karo, magina biyu daga cikin iyaye suka ba da kwana biyu kyauta. Aka sa ƙofofi da sakata, aka ja katangar bulo, aka maye bututun aka ɗaure masa raga a sama don ƙuda ya shiga tarko, aka shafe ciki da farar ƙasa. Abin da ya fi wuya bai ci ko dala ba: cire kwaɗon nan biyu. Sai da muka yi zama biyu mu malamai kafin muka yarda a bar mana ɗaki ɗaya, ƴan mata su sami biyu.

Da na koma ina bincike sai na ga busasshen makewayin ma ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Wajen shekarar 2009 an yi wani aiki a ƙauyukan Agye, cikin jihar Maradi, inda aka koya wa manoma raba fitsari da bayan gida, a tara fitsarin a jarka a rufe na wani lokaci, sannan a kai gona. Suna suka sake masa, suka kira shi takin ruwa. Daga baya matan ƙungiyar manoma ta Fuma Gaskiya, tare da masu bincike na INRAN, suka gwada shi a gonakin hatsi tsakanin 2014 da 2016 da sunan Oga, amfanin ya ƙaru da wajen kashi 30 cikin 100. Sun gane abin da matar cikin kar ta gane: abu komai amfaninsa, in yana ba da ƙyama hannu ba zai kai gare shi ba, shi ya sa suka fara da gyara masa suna.

Amma abin yana da sharuɗɗa, kuma bai kamata wani malami ya karanta wannan ya tashi gobe ya sa yara tara jarka ba. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 ta ce a ƙasa mai zafi sai bayan gida ya yi fiye da shekara a ajiye kafin a kai shi gona, ko fiye da wata shida in an zuba masa isasshiyar toka ko farar ƙasa. Mu kuma da ruwa muke tsarki, ramin busasshen makewayi kuwa ba ya son ruwa, don haka sai an yi wa ruwan tsarki hanyarsa daban. Ga maganar najasa, wadda dole a zauna da liman da iyaye a kanta. Na kawo shawarar mu gwada a lambun lakwal, sai wata tsohuwa cikin iyaye mata ta ce: "Mushe, a gama da ƙofa tukuna." Na yi shiru, don ta fi ni gaskiya.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Ruwa har yanzu a jarka ake kawo shi, sabulu yakan ɓace, an riga an ɓalle sakata ɗaya mun mayar. Wasu ƴan matan suna fashi har yau, don kunzugu da ciwon mara ba katanga ce take maganinsu ba. Amma giɓin bayan ƙarfe goma ya ragu, kuma ɗiyata tana shan ruwanta kafin mu fita. Yarinyar da na sa durƙuso ta wuce kwaleji. Na same ta na ba ta haƙuri, ta ce: "Ba komai, Mushe," ta sunkuyar da kai kamar wancan karon.

Abokan aiki, da ku iyaye, kafin a sake cika takardar ƙidaya a rubuta eh, wani babba ya shiga makewayin yaran da kansa, ya ja ƙofar, ya tsuguna, ya ƙirga zuwa sittin. In bai iya ba, to ɗiyarsa ma ba ta iyawa.

Tsohon ɗalibin nawa kuwa na amsa masa bayan sati biyu, na ce na katakon ya fi. Ya ce na makara, matar ta riga ta zaɓe shi.