Babba Da Ke Kina Kallon Katun?

 Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a gidajenmu, wadda na tabbata da yawa daga cikinku an taɓa jefa muku ita, ko kuma kun taɓa jefa wa wata. Maganar ita ce, "Babba da ke kina kallon katun?" Uwar miji tana faɗinta, kishiya tana faɗinta, maigida yana faɗinta, kai har ɗan da kika haifa da cikinki, da zarar gashin baki ya fara tsiro masa sai ya fara yi miki kallon wadda ta ba shi kunya.

Ni dai ba na ɓoyewa, ina kallon Tom and Jerry, wato kyanwar nan da ɓeran nan da suka yi shekara da shekaru suna guje-guje, waɗanda mu a Gobir muke kira mussa da kusu. Ina kallonsu tare da 'ya'yana, wani lokaci kuma ni kaɗai bayan sun yi barci. Na kuma san mata masu yawa daga Gangara inda aka haife ni, har Sabon Birni da Isa, waɗanda ke da su cike da memorin wayarsu, amma da sun ji sallama sai su yi wuf su cusa wayar ƙarƙashin filo kamar an kama su da kayan sata. Saboda su na ɗauki biro yau.

Idan kika tattara abin da ake faɗa a kan irinmu, za ki ga zargi uku ne. Na farko, wai hankalinmu bai cika ba, jiki ya girma ƙwaƙwalwa ta tsaya. Na biyu, wai ragwaye ne mu, wadda ke kallon katun ba za a rasa wanke-wanke jibge a tsakar gidanta ba. Na uku shi ya fi ciwo, wai zuciyarmu ta bushe, ƙasa na cin wuta mu muna ƙyalƙyala dariya. To bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, domin gani ya kori ji.

Mu fara da maganar hankali. Shin wa ya yi katun ɗin nan, kuma don wa aka yi shi? Wasu magidanta biyu ne a Amurka, William Hanna da Joseph Barbera, suka ƙirƙiro shi a kamfanin fim na MGM a shekarar 1940, lokacin kowannensu yana dab da shekara talatin. Daga 1940 zuwa 1958 sun yi guda 114, kuma aikin ya ci kyautar Oscar har sau 7, wadda ita ce babbar kyautar fim a ƙasarsu. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba don talabijin ɗin yara aka fara yinsa ba. A gidan silima ake haska shi kafin a saka babban fim, manya maza da mata su sayi tikiti da kuɗinsu su zauna su sha dariya. Daga baya ne talabijin ta ɗauke shi ta miƙa wa yara. Ashe ke nan mu da ake yi wa gori, kayanmu ne muka karɓo aro daga hannun 'ya'yanmu.

Kuma ki dubi wahalar da ke ciki. A majigin silima hoto 24 ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya, ke nan katun mai minti bakwai ya haura hoto 10,000, kuma a wancan zamanin da hannu ake zane, babu kwamfuta. Sannan a ɗora kiɗa daidai da kowane taku da kowace faɗuwa. Ni da nake rubuta littafi na san wuyar sa mutum dariya da kalmomi, balle a ce a sa shi dariya ba tare da an ce uffan ba. Wannan rashin maganar ma shi ya sa ya shige mu, don ba ya buƙatar Turanci. Tsohuwar da ba ta taɓa taka ƙofar boko ba tana fahimtarsa daidai da mai digiri.

Mu dawo gida. Kafin wayar hannu, kafin talabijin, wa ke yi mana tatsuniya? Ba kakanninmu ba ne? Bayan an ci tuwon dare a shimfiɗa tabarma, tsohuwa mai furfura ta zauna tana maƙe murya tana kwaikwayon tsamin bakin Gizo, tana yi tana dariya har da hawaye, matan gida da suka gama aiki su ma su matso su zauna. Ban taɓa jin an ce da ita babba da ke ba. Ita ce ma ake girmamawa, a ce gidan wance akwai tsohuwa mai tatsuniya. To mene ne bambancin Gizo da ke wayon kura da zaki, da kusun nan da ke wayon mussa? Darasi ɗaya ne, ƙaramin da ba shi da ƙarfi yana tsira da dabara. Hatta Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, don 'yan makaranta aka rubuta shi, kuma aku ne ke ba da labaran, tsuntsu mai magana. Amma dattawa nawa ne suka ajiye shi cikin akwatinsu suna karantawa har tsufa? Ba wanda ya ce sun zautu.

Mu Hausawa ba mu taɓa ɗaukar raha a matsayin kayan yara kaɗai ba. Akwai wasan kaka da jika, akwai na taubasai, akwai wanda ke tsakaninmu Gobirawa da Yarbawa, inda dattijo mai rawani zai tsaya tsakiyar kasuwa suna zolayar juna da abokin wasansa, jama'a na dariya, girmansa bai ragu ko ƙwayar gero ba. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, sau nawa muka gan shi yana tsere ana binsa da sanda, maza da mata muna kwance don dariya? Ashe in mutum ne ke gudun ya halatta, in zane ne ya zama wauta?

Sai zargi na biyu, na ragwanci. 'Yar uwa, ki lissafa ranar matar ƙauye ko ta ƙaramin gari. Ta tashi da asuba, ta hura wuta, ta dama kunu, ta share gida, ta yi wa yara wanka, ta yi surfe, ta kai niƙa ko ta aika, ta ɗora sanwar rana, ta yi wanki, in tana da 'yar sana'a ta ƙuli-ƙuli ko awara ko ɗinkin hula ta haɗa da ita, sannan ga tuwon dare na jira. Cikin wannan duka ta ɗauki minti bakwai, kafin ruwan tuwo ya tafasa, ta huta da abin da ke faranta mata rai, shi ne ya zama abin magana. Amma maigida zai tafi gidan kallon ƙwallo ya biya kuɗi, ya yi awa biyu yana ihu a kan ƙartin da ke bin fata a Ingila ko Sifen, waɗanda ba su san da zamansa a duniya ba, in an ci ƙungiyarsa ya dawo ya ƙi cin tuwo, ya huce a kan iyali. Wannan sunansa sha'awa, namu kuma sunansa yarinta. Lallai laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Ni ban ce maza su bar ƙwallonsu ba, Allah Ya ba ƙungiyarsu sa'a. Cewa na yi a auna mu da mudu ɗaya.

Wannan gorin ba a ƙasarmu kaɗai yake ba. A Amurka an fara nuna wani katun na 'yan dawaki masu launi-launi a 2010, mai suna My Little Pony: Friendship Is Magic, wanda aka shirya don ƙananan yara mata, sai ga manyan maza sun kamu da sonsa har suna yin taron shekara-shekara. Irin sunayen da ba a kira su da su ba kaɗan ne, daga masu cewa ba maza ba ne, sai masu zarginsu da mugun nufi a kan yara. Can an matsa wa maza, nan an matsa wa mata, amma cutar guda ce, mutane su ga abin da kake kallo su yanke hukunci a kan abin da ke zuciyarka.

Yanzu ga na uku, wanda nake rubutawa hannuna na rawa. Duk wanda ya fito daga gabashin Sakkwato ya san abin da muka gani a shekarun nan. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga sun kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A Disamba na 2021 aka tare motar matafiya tsakanin Sabon Birni da Isa aka cinna mata wuta da mutane a ciki. Dubban 'yan uwanmu sun tsallaka Nijar, jihar Maraɗi, wasu sun watsu cikin Sakkwato da sauran garuruwa. A Satumba na 2021 kuwa gwamnati ta sa aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da namu, ya zama ba kira ba saƙo. A lokacin nan wayar da ke hannunki ba ta da sauran amfani sai tocila da abin da mai turi ya taɓa zuba miki a memori.

Akwai wata baiwar Allah da ta baro ƙauyensu da 'ya'ya huɗu, ta zauna a gidan da ke jikin namu. Kullum da dare sai in jiyo kiɗan katun ƙasa-ƙasa daga ɗakinta. Wata rana ina tsakar gidan uwar mijinta ta ɗaga murya ta ce, "Ke ɗiyar nan ba ki jin kunya? Ɗiya huɗu gare ki, an kore mu gida, ke kina dariya bisa kusu da mussa?" Ba ta tanka ba, don ta san girman surukuta. Sai da muka keɓe ta ce da ni, "Yaya, tun randa munka baro gida, ƙaramin nan ko babur ya ji sai ya saki fitsari. In na kunna mai wanga abu shina dariya har barci ya kwashe shi. Ni ko in ban yi dariyar tare da shi ba, huskata yake kallo, ya gane tsoro nike ji."

Ki sake karanta maganar nan, 'yar uwa. Matar da aka ce zuciyarta ta bushe, ashe ita ce ke danne kukanta tana ara wa ɗanta dariya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ban ga laifin tsohuwar can ba sosai, ita ma baƙin ciki ne ya cika ta, kuma a tarbiyyar da ta tashi da ita mai makoki ba ya wangale baki. Amma zaman makoki kwanaki ne ƙidayayyu, wannan masifa kuwa ta ɗauki shekaru. Wace zuciya ce za ta yi shekaru ba ta saki ba, ba ta fashe ba? A duniyar katun ɗin nan ana maƙe mussa da ƙofa ya zama kamar faifai, bayan ɗan lokaci ya miƙe garau ya ci gaba da gudu. Ba a binne kowa. Wanda ya ga gawa da idonsa shi ya san daɗin leƙa irin wannan duniyar ko da na minti bakwai ne.

Kada kuma a ce na ce komai daidai ne. Macen da za ta bar salla ta wuce, ko tuwo ya kama, ko yaro na kuka tana manne da waya, ta yi laifi, amma laifinta na sakaci ne, kuma da fim ɗin Indiya ko na Kano ko hirar maƙwabta ce ta shagaltar da ita, laifin ɗaya ne. Haka kuma ba kowane zane mai motsi ne na yara ba, akwai masu tsiraici da zubar da jini, kuma mai turi ba ruwansa, abin da ke cikin kwamfutarsa yake zubawa. To wa zai tace? Uwar da ke kallo ce. Wadda ta ce ta fi ƙarfin katun, ta miƙa wa yaro waya ta juya baya, ita ce ba ta san abin da ke shiga idon ɗanta ba. Ko a Tom and Jerry ɗin akwai wata baƙar mata mai tsintsiya da kusan ba a nuna fuskarta, wadda baƙaƙen Amurka suka yi ƙorafin cewa izgili ce gare su, kuma daga 1952 masu shirin ba su sake saka ta ba. Yaro ba zai lura da wannan ba, babba ce za ta gani ta yi masa bayani. Ita ce kuma za ta nemo masa irin su Bino and Fino, wanda Adamu Waziri ya fara a Abuja a 2010 don yaranmu su ga masu kama da su, ko Akili and Me na ƙasar Tanzaniya da aka mayar Hausa, mai koyar da ƙirga da haruffa.

Don haka ina roƙon iyayenmu surukai, in kun ga ɗiyarku ta gama aikinta tana murmushi ita da waya, ku yi mata uzuri, ko ma ku matso ku leƙa. Maigida, wadda ke dariya a ɗakinka ta fi wadda ke ƙunshe da hawan jini. Ke kuma 'yar uwa, in dai kin sauke haƙƙin Ubangijinki da na gidanki, ki daina cusa waya ƙarƙashin filo. Ki tara yaranki ki zauna tsakiyarsu kamar yadda kakarki ta yi a kan tabarma, in an gama ki ƙara musu da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi guda ɗaya, don kada tamu ta ɓace.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Gobir da ƙasa baki ɗaya, Ya mai da kowa gidansa, Ya sa mu yi dariyar da ba tsoro a bayanta. Amin.

Wassalam, taku har kullum.