DAREN DA AKA SAKE ƘONA KALAKUTA A KAN DANDAMALI

Duk wanda ya shigo Ikko ta hanyar Badun, in ya wuce Ojota ya hau Gada ta Uku, sai ya yi tafiyar kusan kilomita 12 bisa ruwa. Ta hagu ba abin da zai gani sai tafki da kwale-kwalen masunta, ta dama kuwa ga bukkokin Makoko an kafa su a kan turaku, hayaƙi ya lulluɓe su. Ta wannan gada ce wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya bi da la'asar wata rana cikin watan Afrilu na 2011, da tikiti a aljihun rigarsa yana ta shafa shi jifa-jifa don kada ya faɗi. Daga Kaduna ya taso, kuma ba fatauci ya kawo shi ba, ba biki ba, ba ta'aziyya ba. Kallon wasan kwaikwayo ya zo.

Wasan nan sunansa Fela!, watau labarin Fela Anikulapo-Kuti, shahararren makaɗin nan ɗan Abeokuta wanda aka haifa a 1938 ya rasu a 1997. Irin wasan nan ne da ake ba da labari cikin waƙa da rawa da kiɗa, magana kaɗan ce, makaɗa kuwa suna nan a fili kowa na ganinsu. Mutanen Yamma sun saba da mai kama da shi tun zamanin su Hubert Ogunde da Duro Ladipo, sai dai wannan a Amurka aka shirya shi. An fara nuna shi a wani ƙaramin ɗakin wasa a birnin Niyok a 2008, sa'an nan a watan Nuwamba na 2009 ya hau Broadway, unguwar manyan gidajen wasan birnin. Wani gwanin tsara rawa, Bill T. Jones, shi ya shugabanci aikin. A 2010 aka sa wasan takarar lambobin Tony guda 11, ya ci 3, kuma kafin shekarar ta ƙare har ya isa Landan.

Dattijon bai taɓa taka Niyok ko Landan ba. Ɗansa da ke aiki a Ikko ne ya aika masa da faifan waƙoƙin wasan, ya yi wata da watanni yana sauraro da daddare bayan gida ya yi tsit, har ya san inda kowace ƙaho za ta shigo da inda mata za su amsa. Amma fa kunne kaɗai ya san wasan, ido bai sani ba. Saboda haka da labari ya zo cewa 'yan wasan za su zo Ikko, za su yi wasa a babban zauren Otal ɗin Eko daga ran 20 zuwa 25 ga Afrilu, sai ya ce wa ɗan ko da nawa ne a saya masa kujera.

Tafiyar ta faɗo a mugun lokaci. An yi zaɓen shugaban ƙasa ran 16 ga watan, bayansa tarzoma ta ɓarke a jihohin Arewa da dama, aka yi asarar ɗaruruwan rayuka, Jihar Kaduna ce kuma ta fi jin jiki. Iyalinsa suka yi ta roƙonsa ya haƙura. Shi ma kansa ya ji nauyin a ce maƙwabta na zaman makoki shi ya tafi kallon rawa. Amma da aka sassauta dokar hana fita sai ya shiga mota, don a lokacin jirgin fasinja ba ya zirga-zirga tsakanin Ikko da Arewa, sai a ƙarshen 2012 ya komo aiki. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan dogo, ga shi a matse cikin mota ta Jaba da Ilori, yana hangen layin da ya sani ciyawa ta cinye shi.

Dalilin nacin nan nasa yana can baya, shekara 34 kafin wannan tafiya. A 1977 yana saurayi, yana aiki a ma'aikatar jirgin ƙasa ta Ebute Metta, yana kwana a Idi-Araba, unguwar da Hausawa suka daɗe da zama a gefen Mushin. Tsakaninsa da gidan Fela, mai lamba 14 a kan titin Agege, tafiyar ƙafa ce. Gidan ne Fela ya kewaye da waya ya sa masa suna Jamhuriyar Kalakuta, ya ce ƙasa ce mai cin gashin kanta. Kusa da shi akwai gidan rawarsa da ake kira Shrine, inda ake kwana ana kiɗa, shi kuma yana tsayawa tsakanin waƙa da waƙa yana caccakar mahukunta da sunayensu. Saurayin bai taɓa shiga ba, domin tarbiyyar gidansu ba ta yarda da wurin da ake busa tabar wiwi a fili ba. Daga waje yake tsayawa wajen masu tsire, kiɗan yana iske shi.

Ran Juma'a 18 ga Fabrairu, 1977, kwana shida da rufe bikin FESTAC, sojoji wajen dubu suka kewaye Kalakuta. Suka doki mutanen gidan, suka ci zarafin mata, suka jefo mahaifiyar Fela, Funmilayo Ransome-Kuti, ta taga daga bene, sa'an nan gidan ya ƙone ƙurmus. Tsohuwar nan ba ƙaramar mace ba ce, ita ce ta jagoranci matan Abeokuta a kan harajin mata har Sarkin garin, Alake, ya sauka daga gadonsa na ɗan lokaci a 1949. Ba ta warke daga raunin ba, ta rasu a watan Afrilu na 1978. Kwamitin binciken da gwamnati ta kafa ya ce wani sojan da ba a san ko wane ne ba shi ya yi aikin. Saurayin ya ga hayaƙin a ranar da idonsa, ya ga mutane sun yi cirko-cirko daga nesa, shi ma ya tsaya kaɗan, sa'an nan ya juya ya kama hanyar gida kamar kowa.

To, mai karatu ya ga abin da ke cikin zuciyar dattijon sa'ad da motar ɗansa ta sauko daga gada ta ratsa ta Obalende, dab da Barikin Dodan, fadar shugabannin soja har zuwa 1991. Nan ne Fela da mutanensa suka kai akwatin gawa a 1979, don su nuna wa gwamnatin Janar Obasanjo abin da aka yi wa uwarsa. Daga nan sai Ikoyi, sai gadar Falomo, sai Tsibirin Biktoriya, inda bankuna da ofisoshin jakadanci suka yi layi. Otal ɗin Eko yana kan titin Adetokunbo Ademola, iskar teku na kaɗa shi, kuma abin mamaki a 1977 ɗin nan aka buɗe shi. Farfajiyar ta cika da manyan motoci, mata sun sha gwaggwaro, maza sun sha malum-malum da kwat. Dattijon ya duba hagu ya duba dama, bai ga mai kama da mutanen da yake tsayawa da su wajen masu tsire ba. Su an yi musu nasu kwanaki kaɗan kafin nan, lokacin da 'yan wasan suka kai gajeren wasan sabon Shrine na Agidingbi a Ikeja, wanda 'ya'yan Fela, Yeni da Femi, suka buɗe a 2000.

Tun kafin a rage fitilu makaɗa sun fara aiki, ganguna da jita suna ta maimaita zubi ɗaya ba gajiya, ƙahonni na faɗowa a kai. An mai da dandamali kamar Shrine na da, an rataye hotunan jaruman baƙar fata, ga hoton Funmilayo da tabaraunta yana kallon jama'a. Abin da faifai bai taɓa gaya wa dattijon ba shi ne yadda kiɗan ke shiga ƙirji ta ƙasan kujera. Can sai 'yan rawa suka ɓullo, fuskokin matan an yi musu ɗige-ɗigen farar ƙasa, sai ga Fela a tsakiyarsu ya ɗaga hannu biyu a dunƙule. Zauren ya ɗauki sowa.

Mai fitowa a matsayin Fela, Sahr Ngaujah, haifaffen Amurka ne, ubansa mutumin Saliyo. Wannan shi ne abin da mutanen Ikko suka zo gwadawa, don ko wane ɗan gari yana ganin ya fi kowa sanin Fela. Da farko kunnuwa na biye da Turancin burokansa ana neman inda zai yi tuntuɓe. Amma tafiyar ta Fela ce, karkata kai na Fela ne, haka dariyar ƙetar nan da yake yi kafin ya saki magana. Ba a daɗe ba aka bar gwaji. In ya jefa kirarin da Fela ya saba jefa wa jama'a, kafin ya rufe baki an amsa. A Niyok sai an koya wa 'yan kallo amshi, a Ikko kuwa su ke riga 'yan amshin. Da ya ce kowa ya miƙe a koyi juya ƙugu kamar hannun agogo, ƙarfe kaza gaba ƙarfe kaza baya, sai ga manyan 'yan kasuwa da matansu tsaye suna yi. Dattijon bai yi rawa ba, amma ɗansa ya ga ƙafarsa tana aiki a ƙarƙashin babbar riga.

Labarin an ɗora shi ne a kan dare ɗaya na 1978, bayan rasuwar uwar, Fela yana shawarar ko ya bar Nijeriya ko ya zauna. Daga nan yake komawa baya yana ba da tarihinsa: karatun kiɗa a Landan daga 1958, zuwansa Amurka a 1969 inda wata baƙar fata mai suna Sandra ta buɗe masa ido a Los Anjalis da littattafan gwagwarmayar baƙaƙe, da yadda ya harhaɗa kiɗan Yarbawa da na Gana da na Amurka ya fitar da abin da ya kira Afrobeat. Aka zo kan Zombie, waƙar 1976 da ta kwatanta soja da gawar da ke bin umurni ba tunani, 'yan rawa suna fareti kamar an murɗa musu mabuɗi. Jama'a na ta dariya, amma tsofaffin cikinsu sun san abin da ke biye.

Da aka zo harin, sai kiɗa ya ɗauke. Aka riƙa haska fuskokin matan ɗaya bayan ɗaya, ana nuna a rubuce abin da aka yi wa kowace. Zauren da ɗazu ba ka jin maganar na kusa da kai ya yi tsit, sai tari nan da can. A nan ne wasan ya kuɓuce wa masu shi. Sun shirya shi ne don baƙin da ba su san labarin ba, yau ga shi gaban shaidu. A cikin kujerun nan akwai waɗanda suka ga hayaƙin, akwai waɗanda suka karanta hukuncin kwamiti a jarida suka ninke ta suka tafi aiki, watakila har da waɗanda ke sanye da kaki a wancan zamani. Dattijon ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Shekara 34 yana gaya wa kansa babu abin da leburan jirgin ƙasa zai iya yi a gaban bindiga dubu, kuma gaskiya ne. Sai dai a daren nan ne ya fara sanin abin da ke faruwa a bayan wayar sa'ad da ya juya baya.

Kada a ce wasan ba shi da aibu. Ya yi wa Fela kwalliya. Auren mata 27 da ya yi rana ɗaya a 1978 an wuce shi cikin raha, ba a tsaya an tambayi yadda zaman ya kasance ga matan ba. Tun da labarin bai wuce ƙarshen shekarun 1970 ba, bai kai ga ciwon ƙanjamau da ya yi ajalinsa ba, wanda wansa, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon Ministan Lafiya, ya fito ya bayyana wa duniya. Dattijon ma har gobe bai yarda da shaye-shayen mutumin ba, balle ba'ar da yake yi wa masu addini. Amma Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma laifin wanda aka zalunta ba ya wanke wanda ya yi zaluncin.

A ƙarshe Fela na wasan ya yanke shawarar ba inda za shi. 'Yan wasa suka fito ɗauke da ƙananan akwatunan gawa, kowanne da rubutu a jikinsa, suka tara su tsibi a kan dandamali. Ga mutumin da ya baro Kaduna a wannan mako, wannan ba tarihi ba ne. Jama'a suka miƙe suna tafi, shi kuwa ya daɗe a zaune kafin ya tashi.

Kashegari ya ce a kai shi Mushin. Ya sauka a Idi-Oro ya yi ta dube-dube, bai gane kome ba sai layin dogo, sauran duk shaguna ne da hayaniyar motocin haya. Daga nan suka zarce titin Gbemisola a Ikeja, gidan da Fela ya zauna a ƙarshen rayuwarsa, inda kabarinsa yake a farfajiya. Wannan gida ne aka mai da gidan tarihi a watan Oktoba na 2012, takalmansa da rigunansa suna nan a jere ga mai son gani. Dattijon ya tsaya a bakin ƙofa, wannan karon bai yi saurin juyawa ba.

Da ya koma Kaduna ya ci gaba da sa faifan nan da daddare kamar da. Iyalinsa dai sun lura da abu ɗaya: in aka zo wajen ƙarshe, ba ya ƙara bari a yi masa magana sai faifan ya tsaya.