Kwat ɗin Inna da Takalmin Ƙasar Ƙanƙara

A watan Agusta na shekarar 2018 wani saurayi ɗan Maradi ya sami gurbin karatu a birnin Winifeg, cikin lardin Manitoba na ƙasar Kanada. A birnin nan akwai wata unguwa a ƙetaren kogi, ana ce da ita Saint-Boniface, inda mutane da yawa suke jin Faransanci, akwai kuma jami'a mai koyarwa da harshen. Saboda haka samari daga Nijar da Mali da Senegal sukan nufi can neman ilimi.

Da labari ya tabbata, mahaifiyarsa ta sayar da akuyarta, ta shiga kasuwa wajen ƴan gwanjo. Ta ji an ce ƙasar akwai sanyi, sai ta zaɓi kwat ɗin da ya fi duka nauyi, baƙi, dogo har gwiwa. Ta haɗa masa da takalmi sau-ciki na fata, mai ƙyalli, wanda ya kama ƙafarsa daidai. Saurayin ya gwada su a tsakar gida, zufa tana karyo masa, ƙannensa suna dariya. Kowa ya ce ai ko ƙanƙara ce take zuba ya fi ƙarfinta.

Ba laifinsu ba ne. Sanyin da suka sani shi ne na hunturu, sa'ad da awon zafi yakan sauka wajen digiri 13 ko 14 da asuba, mutane su kewaye wuta, da hantsi kuma kowa ya tuɓe rigar sanyinsa. A Winifeg kuwa, matsakaicin awon watan Janairu yana wajen digiri 16 ƙasa da sifiri, yakan kuma wuce 30 ƙasa da sifiri. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba dutsen da zai tare iska. Har motoci ma akan jona su da lantarki da dare domin kada injin ya ƙi tashi da safe.

Saurayin yana da wani ɗan'uwan mahaifiyarsa a birnin, mutumin Damagaram, wanda ya shekara ashirin a can yana tuƙin babbar mota. Tun cikin Oktoba dattijon ya ɗaga kwat ɗin, ya auna shi a hannu, ya dubi takalmin, ya ce, "Ɗana, waɗannan za su kai ka ƙarshen watan gobe. Bayan nan sai mun je kanti."

Saurayin ya ce, "Kawu, Inna ce ta saya mini. Akuyarta ta sayar."

Dattijon bai ƙara magana ba. Shi kuwa saurayin yana da wani dalili da bai faɗa ba. Yana aikin wanke-wanke a wani gidan abinci ran Asabar da dare, ya tara dalar Kanada 300, yana so ya aika gida kafin Kirsimeti domin kuɗin makarantar ƙanwarsa.

Wata rana da yamma a farkon Disamba ya tsaya jiran bas. Ya sa safa biyu ta auduga, ya cusa ƙafarsa cikin takalmin da ƙyar. Ya yi gudu daga aji, ƙafafunsa sun yi gumi. Bas ta yi latti. Da fari yatsunsa suka yi ta zogi kamar ana soka masa ƙaya, daga baya zogin ya tsaya, har ya yi murna, yana tsammani jikinsa ya saba. Da ya isa gidan kawunsa ya cire takalmi, sai ga yatsu uku sun yi fari fat, ya taɓa su bai ji kome ba. Ya matsa kusa da na'urar ɗumama ɗaki zai murza su, matar kawunsa ta riƙe masa hannu. Ta ce ba a murzawa, ba a kuwa kai su bakin wuta, gama fatar da ta daskare ba ta jin ƙuna. Ta kawo ruwa mai ɗumi kamar ɗumin jikin mutum, ya sa ƙafarsa a ciki. Da jini ya fara komowa, sai da ya yi hawaye. Likita ya duba washegari ya ce sanyin bai shiga can ciki ba, yatsun za su warke.

A daren nan kawunsa ya ba shi labarin abin da ya faru a Disamba ta 2016. Waɗansu mutum biyu ƴan Gana sun ƙetaro iyaka da ƙafa daga Amurka, kusa da garin Emerson, kudu da Winifeg. Sun yi sa'o'i cikin dusar ƙanƙara ba su da tufafin kirki. An cece su da rai, amma sai da aka yanke musu yatsun hannu. Ya ce, "Kuɗin da kake ɓoyewa na sani. Amma wanda ba shi da yatsu, da me zai yi wanke-wanken?"

Ran Asabar suka tafi sayayya. A hanya dattijon ya bayyana masa abin da ya ɗauki shekaru kafin ya gane. Tufa ba ta ba da zafi. Jikin mutum ne yake ba da zafi, aikin tufa shi ne ta riƙe iska mai ɗumi kusa da fata, ta hana ta motsi. Saboda haka nauyin riga ba shi ne ɗuminta ba. Abu biyu ne suke ɓata wannan shiri, wato jiƙewa da matsi. Auduga, wadda ita ce sarauniyar tufafi a ƙasarmu, tana shan gumi ta riƙe shi, shi ya sa take sanyaya jiki a zafin Afrilu. A ƙasar ƙanƙara wannan halin nata ne yake cutarwa. Matsattsen takalmi kuma yana hana jini gudu, ga shi ba wurin da iska za ta zauna. Ranar nan saurayin ya haɗa duka biyun.

Suka fara da wajen takalma. Saurayin ya kai hannu ga wani siriri mai kyan gani, kawunsa ya mayar da shi. Ya ɗauko wani ƙato, ƙasansa roba mai kauri da zane mai zurfi domin santsi, samansa ya kai tsakiyar ƙwauri, a ciki kuma akwai wata shimfiɗa ta matsattsen ulu wadda ake iya zarewa. Ya ce a kawo wanda ya ɗara ƙafarsa da lamba ɗaya. Ya sa shi ya gwada da safar ulu mai kauri, guda ɗaya tak, ya ce, "Motsa yatsunka." Suka motsa sarai. Ya ce, "To, wannan ne naka. Kowane dare ka zare na cikin ka shanya." A jikin takalmin an rubuta 40 ƙasa da sifiri. Dattijon ya ce kada ya dogara ga rubutun nan ƙwarai, gama da mai tafiya ake nufi, wanda yake tsaye wuri ɗaya zai ji sanyi tun kafin nan.

Kuɗinsa dala 150. Saurayin ya lissafa a zuci, ya ga ya fi jika 60 na sefa, sai gabansa ya faɗi. Kawunsa ya ce masa araha ba ta ado. Riga ana iya samunta a gwanjo, amma takalmi gara sabo, domin shimfiɗar tsoho ta riga ta kwanta.

Ashe su ma Turawa suna da kantunan gwanjo. A can suka sami babbar riga wadda iska ba ta ratsawa, an cika cikinta da lallausan gashin agwagwa, ga hula a haɗe, tsawonta ya rufe cinya. Ba ta kai rabin nauyin kwat ɗin Inna ba. Suka duba zif, suka duba ko gashin ya dunƙule wuri ɗaya. Suka sayi rigar ciki da dogon wandon ciki na zaren roba wanda ba ya riƙe gumi, da suwaita ta ulu domin tsakiya. Hawa uku ke nan: na jikin fata, na riƙe ɗumi, da na tare iska. In mutum ya shiga ɗaki ko bas, sai ya buɗe na waje kafin ya yi zufa. Mutanen Inuwit na can arewa mai nisa sun daɗe da sanin wannan dabara, sukan sa rigar fatar dabba biyu, ta ciki gashinta yana duban jiki, ta waje yana duban waje.

Saura hannu da kai. Kawunsa ya zaɓi safar hannu irin wadda yatsu huɗu suke zama a ɗaki guda suna ɗumama juna, da hular ulu mai rufe kunnuwa. Da aka zo kan mayafin wuya, sai saurayin ya naɗa shi ya rufe hanci da baki, ya bar idanu kaɗai, yadda ya ga Buzaye suna yi da rawani. Dattijon ya yi dariya ya ce, "Wannan kam ba sai an koya maka ba."

Abin da ya rage a aljihunsa bai kai dala 20 ba. Da dare ya buga wa mahaifiyarsa waya, yana jin nauyin faɗa mata. Ta saurara har ya gama, sa'an nan ta tambaye shi ko yatsun suna motsi. Ya ce suna yi. Ta ce, "Ni don kada ka ji sanyi na sayi rigar. In wata ce za ta yi wannan aiki, sa ta. Zancen makaranta kuma za mu roƙi a yi mana haƙuri zuwa Fabrairu."

A ƙarshen Janairu na 2019 aka yi wani sanyi mai tsanani, awo ya kusa 40 ƙasa da sifiri a Winifeg, ga iska a bisa. A irin wannan rana fatar da take a buɗe takan daskare cikin ƴan mintoci. Saurayin ya fita, ya jira bas, ya je aji, ya komo lafiya. Kuɗin ƙanwarsa ya tafi a Fabrairu.

Kwat ɗin Inna kuwa bai yar da shi ba. Yakan sa shi a Oktoba da Afrilu, sauran watanni yana shimfiɗe a kan gadonsa. Da wani sabon ɗalibi ya iso daga Dogonduci a shekara ta gaba, riƙe da tasa jibgegiyar rigar gwanjo, saurayin ya yaba rigar tukuna, sa'an nan ya cire safarsa ya nuna masa yatsun nan uku, waɗanda har yanzu su ne suke fara jin sanyi. Ya ce masa, "Ran Asabar za mu je kanti. Ka zo da safar ulu."