Ƙanzo Ma Abinci Ne

Yau ba zancen kwalliya ko turaren wuta na zo muku da shi ba, zancen gindin tukunya ne, wato ƙanzo, ko ƙamzo kamar yadda mu mutanen Kalgo da Gwandu muke faɗi. Na san wata daga jin sunan ta taɓe baki, ta ce ita da ta sayi littafi da kuɗinta sai a zo mata da maganar abincin almajirai. To yi haƙuri ki karanta 'yar'uwa, kowa ya raina gajere bai taka kunama ba.

Abin da nake gani a gidajen amare yanzu yana damuna ƙwarai. Za a tuƙa tuwon shinkafa, a kwashe, sai a tsiyaya ruwa a tukunyar a bar ta ta kwana, da safe a kankare a watsa a kwata. Abin da aka watsar nan fa hatsi ne, da kuɗi maigida ya auno shi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kowa ya san yadda kasuwa ta koma, a 2024 buhun shinkafa mai kilo 50 sai da ya haura naira 70,000, har a nan Jihar Kabi da ake yi wa kirari da gidan shinkafa. Ki yi lissafi da kanki, in kullum kina zubar da cikin tafi biyu, a wata kwano nawa ke nan?

Amma ba duk abin da ya kama a tukunya ne ƙanzo ba, a nan ne ake gane wadda ta iya girki. Akwai ƙanzo, akwai ƙonewa. Ƙonewa baƙi ne, ga ɗaci, ga ƙauri da zai bi tuwon gaba ɗaya har miya ta kasa ɓoye shi, wannan kam ko kaji sai sun yi yanga kafin su tsattsaga. Ƙanzo na ƙwarai kuwa ja-ja yake fitowa kamar bayan waina, yana ƙamshi, in ya huce kika sa mara sai ya ɓanɓaro fale-fale. Sirrinsa wuta ce. Idan shinkafa ta dahu luguf kin tuƙe ta da muciya, sai ki janye itacen ki bar garwashi kaɗai, ki rufe tukunya tuwon ya turara a hankali. Innarmu a Kalgo ba ta buɗe tukunya ta duba, da hanci take ganewa, tana daga bakin rijiya za ki ji ta ce, "Ke, janye iccen ga, tuwo ya yi." Kuma wallahi ya yin.

Bayan an kwashe tuwo, akan bar tukunyar a kan ragowar garwashin na ɗan lokaci don ƙanzon ya ƙara bushewa, sannan a ɓanɓare a shanya a faifai ko tabarma mai tsabta, a rana, inda awaki ba za su kai ba. Sai ya bushe ƙarau, in kin karya ki ji ƙas. In kika yi gaggawa kika ɗaure shi da sauran danshi to fumfuna zai yi, kuma abin da ya yi fumfuna ba a ba yara. Wanda ya bushe sosai kuwa sai ya yi watanni a tulu ko a buhu bai yi komai ba.

Ranar da za a ci, a zuba a turmi a ɗan ɓarza, ba a mayar da shi gari ba, a jiƙa da ruwan ɗumi har ya yi laushi, a tsane. Sai a kawo garin ƙuli-ƙuli mai yawa, da tonka, da gishiri, a yanka albasa, in ta Aliero ce ma ya fi, da tumatir, a zuba man gyaɗa soyayye a cuɗe da hannu. Mai zogale ta dafa ta zuba, mai rama ma haka. Kanawa su ce kwaɗo, mu mu ce datu. Ƙanzon tuwon dawa kuma tsofaffi sun fi son a jiƙa shi ya kwana, da safe a dama da nono a sha kafin a tafi gona.

Da aka kai ni Gwandu na tarar da uwar mijina tana da wani babban tulu a ƙuryar ɗakinta, an rufe bakinsa da ƙwarya, ba abin da take zubawa ciki sai ƙanzo. Gidan babba ne, tukunya uku ake ɗorawa kullum, duk wadda ke da girki ta san in ta gama sai ta kai wa Inna nata. Akwai wata amaryar ƙanen mijina, 'yar boko ce daga Birnin Kabi, da ta ɗauko tukunya za ta kai bakin kwata, Inna ta hango ta ta ce, "Ke wagga ɗiya, ina za ki da ƙamzon ga? Mi ya yi miki?" Yarinya ta ce, "Inna ai ƙonewa ya yi." Inna ta karɓa ta shinshina, ta ce wannan ba ƙonewa ba ne, arziki ne.

Ba a daɗe ba aka yi ambaliyar 2020, wadda ta shanye gonakin shinkafa a fadamun jihar nan ana dab da yanka. Mutanen gidanmu a fadama suka zuba ƙarfinsu a shekarar, ko buhu guda ba su ɗauko ba, ga bashin taki a wuya. Tuwo ya koma sau ɗaya a rana, na dare. Da rana kuwa Inna ce take buɗe tulunta ta auno kwano guda, a yi datu a babbar roba, yara su zagaye. Sai da muka yi fiye da wata guda a haka, kuma ba yaron da ya yini da yunwa, ba kuma wanda ya ga ƙwaryarmu a gidan maƙwabta. Ita wannan amaryar yanzu tulunta ya fi na kowa girma.

To daga ina kunyar ta samo asali? Ina jin daga bakin ƙofa ne, don almajiri in ya yi bara ya gaji yakan ce a taimaka ko da ɗan ƙanzo ne, sai muka ɗauka abin da ake ba mabaraci bai kamaci mai gida ba. Littattafan soyayya ma sun ƙara. Tauraruwar labari kullum cikin soya kaji take da dankalin Turawa da haɗa lemo kala-kala, ba za ki taɓa jin an ce ta shanya ƙanzo ba, sai dai in ana son a nuna kishiyar uwa muguwa ce, a ce ta ba marainiya ƙanzo. Yarinya ta tashi tana karanta wannan, me kike tsammani in ta shiga ɗakinta?

Abin mamaki, wasu ƙasashen rububinsa ake yi. Ƙanwata ta taɓa nuna mini a waya yadda ake girki a Jamhuriyar Dominika, wata ƙasa ce can kusa da Amurka da suke tsibiri ɗaya da Haiti, suna jin Sifaniyanci. Abincinsu na rana shinkafa ce da wake da nama, har suna kiransa tuta, wai shi ne tutar ƙasa. Ƙanzon shinkafar, da suke ce wa konkon, a faranti daban ake kawo shi, a zuba masa romon wake, kuma a tukunya mai kauri suke girkin musamman don ya fito. Mutanen Iran su ma haka, nasu tadig suke kiransa, baƙo ake fara miƙa wa. Na ce ikon Allah, da Inna ta je can da sarauta za su ba ta.

Na san da yawanku yanzu da gas kuke girki, ba murhu. Wannan bai hana ba, tukunyar ce abin dubawa. Waɗannan 'yan fale-falen na jere da ake saya wa amare, kyau ne kawai da su, wuta na taɓa su sai ƙauri. Ki nemi mai kauri irin wadda maƙeran gida suke zubawa, in kin tuƙe ki rage wutar can ƙasa kamar za ta mutu, ki ba shi minti 15 ko 20. In gidan haya kike ba filin shanya, tire da bakin taga sun isa, ki dai rufa masa yadi mai shara-shara saboda ƙuda.

Watan jiya na yi baƙi daga Kano, ƙawayena marubuta su biyu. Na yi musu tuwo da miyar kuka da busasshen kifin Yawuri da dare, washegari da hantsi na yi datun ƙanzo na ajiye a tsakar ɗaki ban ce komai ba. Ɗaya ta ci ta ci, sannan ta ɗago ta ce, "Wai Hajiya wannan wane irin kuskus ne?" Da za su tafi kwano bibbiyu na ɗaure musu.