Aljebra a Wayar Hannu, a Bakin Iyaka

A ajinmu na sakandare a Sabon Birni, tarawa da ɗebewa ba su taɓa ba kowa tsoro ba. Yaron da ya tashi yana auna gero da tiya, ko yana canza naira da sefa ga baƙin Maraɗi, da ka yake yin su. Rigimar ta soma ne ran da haruffa suka shigo cikin lambobi. Aji cike maƙil, malam guda, manhaja na korarsa, jarrabawa na korar manhaja. Wanda ya ɓace a babin farko ba shi da hanyar komowa, kuma kunya ba ta barin ƙato ya ɗaga hannu ya ce a maimaita. Haka da yawanmu muka fito ba kiredit a lissafi, wanda a lokacin in babu shi ƙofar jami'a a rufe take.

A 2020, da korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris, wani abokina ya dawo gida daga Jami'ar Ɗanfodiyo ya sa mini Khan Academy a waya. Wani Ba'amurke, Salman Khan, ya kafa ta a 2008, kuma kyauta ce. Ba ka ganin fuskarsa, baƙin allo ne kawai da murya da alƙalami mai launi. Ka kalli darasi, a ba ka tambayoyi, in ka kasa a nuna maka hanya mataki-mataki. Abin da ya riƙe ni shi ne babu mai ganina. Darasin lambobi masu alamar ɗebewa, wanda ya kamata in ƙware a kai tun aji ɗaya, na yi ta maimaita shi ina da gemu, ba wanda ya yi dariya.

Masu Khan Academy na cewa kowa ya tafi da saurin da ya ga dama. A wurinmu ba ɗalibi ne ke yanke saurin ba. Caji ne ke yankewa, da kuɗin data, da halin da gari ya kwana. Sai tsakar dare nake sauke bidiyo, lokacin da data ke araha, da safe in kai wayar shagon mai sola. A ƙarshen Mayun shekarar 'yan bindiga suka kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan ƙaramar hukumarmu. Gidanmu ya cika da 'yan gudun hijira, na daɗe ban buɗe darasi ba. Da na koma, yana nan inda na bar shi. Wannan kam aji bai taɓa yi mini ba.

Kawuna, wanda ke karantar da Risala a zaurensa, ya daɗe yana zargin kallon fim nake. Wata rana bayan la'asar ya ce, "Kai ɗana, mi kaka kallo ga wanga abu kullum?" Na nuna masa: x² + 10x = 39. Ya ce in faɗa da Hausa. Na ce fili ne mai kusurwa huɗu daidai, an haɗa shi da wani mai tsawon goma, duka sun ba da 39. Ana neman gefen na farko. Na zana a ƙasa da tsinke. Na raba goman biyu, na jingina biyar a gefe, biyar a ƙasa, sai ga gurbi a kusurwa, biyar sau biyar. Cike gurbin, 39 ta zama 64, gefenta takwas. Cire biyar, saura uku. Ya sa yatsa ya bi zanen, sannan ya jefo mini tasa: mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji rabi, su biyu bisa uku. Na haɗa, na ga ya haura dukiyar, na tsaya cak. Ya yi murmushi ya ce asalin shida ne, sai a yi auli ya koma bakwai, miji uku, su huɗu. Daga baya na san cewa misalin nan nawa na Alkhawarizmi ne, daga littafin da ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma babban kaso na littafin a kan wasiyya da gado yake.

A zauren nan na lura cewa tsarin da nake yabo ba baƙo ba ne. Kowane ɗalibin kawu da nasa littafin, da nasa shafin. Wani na Ahalari, wani na Iziyya, ba a wuce da kai sai ka riƙe. Makarantar boko ce ta kawo mana tafiya a garke. Sai dai zaure ya fi waya da abu guda: kawu na ganin fuskarka ya san ba ka gane ba, ko ka ce ka gane. Waya kuwa ana iya yi mata wayo, ka haddace hanya ka ci tambayoyinta alhali kanka fanko. Kuma da Turanci take magana, Turancin Amurka mai sauri, wanda ya kori abokaina da dama tun kafin lissafin ya kore su.

A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa. Ina tsakiyar logaridim a lokacin. Mutane suka koma neman layin Nijar, ana hawa tudu ana ɗaga waya sama don a gaisa da 'yan'uwa. Ba wurin sauke bidiyo ba ne, kuma mai yawan laluben sabis a bayan gari yana iya jawo wa kansa zargi. Abin da ke cikin wayar na cinye, sauran na ƙarasa da tsohon New General Mathematics na ƙanena, wanda bangonsa ya tafi, da littafin rubutu da na cika da hannuna.

A shekarar da ta biyo na shiga motar Sakkwato ta hanyar Goronyo, kowa na addu'a har muka wuce daji, na rubuta jarrabawar masu zaman kansu. Kiredit ɗin ya fito, da shi na samu gurbi a kwalejin ilimi.