Kafancan: A Fara Daga Bakin Lambatu

Kafancan garin reluwe ne. Tun da hanyar jirgin Fatakwal ta haɗu da ta Jos a nan cikin 1927, kabilu iri iri suka taru suka yi zamansu tare.

To, amma ran nan da na sauka daga Kauru, sai na ga wani gurgu ya tsaya da kekensa a bakin lambatu, ya rasa ta inda zai tsallaka zuwa kasuwa, har sai da yara suka ɗaga shi. Dokar naƙasassu ta 2019 ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin kuwa ya wuce.

Masu tsara sababbin unguwanni, ku fara daga nan: kwalbati mai gangara, da itatuwan inuwa a bakin hanya. Garin da gurgu da tsohuwa za su ratsa ba taimakon kowa, shi ne ya amsa sunansa gari.